Saura Mil Tara

Shekara talatin da wani abu ina jan motocin mutane a Guayama, kuma duk motar da na ɗora a bayan janwena sai da wani abu ya same ta: ko inji ya buga, ko ta rungumi falwaya, ko mai ita ya ajiye ta inda doka ta hana. Lafiyayyar mota ɗaya tak na taɓa ɗauka, har da mutum biyu a cikinta. Har yau in na tuna raina sai ya ɓaci.

Motar Heriberto ce, mijin yayata Zoraida. Beto muke ce masa. Buick ce baƙa ƙirin ta 1987, mai turbo, wato ƙarfen nan mai kama da katantanwa da ke dura wa inji iska har mota ta yi tsalle. Sabuwa fil ya saye ta lokacin yana aiki a kamfanin magunguna yana jin kansa. A watannin farko ya ɗan more ta. Ya ɗauki Zoraida, tana amarya, ya hau da ita dutse zuwa Aibonito don mahaifiyarmu ta ga abin da surukinta ya zama. Zoraida ta dawo gashi a hargitse tana dariya, wai in ya taka totur sai motar ta yi fito, sai ka ji kamar an danna ka cikin kujera da tafin hannu.

Ba a daɗe ba wani mai surutu a wajen baje kolin motoci ya gaya wa Beto cewa daga wannan shekarar an daina ƙera irinta, duk wanda ya adana tasa zai tsufa da arziki. Beto ya dawo gida ya shigar da ita gareji, ya mayar da ledar kujeru, ya rufe ƙofa. Mitar tafiyarta na nuna mil ɗari tara da casa'in da ɗaya. Nan ta tsaya, mu kuwa muka ci gaba da tsufa.

Zoraida ce ta raɗa mata suna Santa, wai ita ma waliyyiya ce, ana ziyartarta, ana goge mata ƙura, ba a taɓa ta. Ran Asabar ɗin farkon wata Beto yakan tayar da injin, ya bar shi ya yi zafi, ya kashe. Tayoyin da ta zo da su suna nan, ya ɗaga ta a kan ƙarafa don kada su lotse. Takardar farashin ma tana manne a gilashi. Shekarar babbar guguwa, da muka yi watanni babu wuta, janareta ɗaya ke gidan, kuma na'urar tsotse danshin gareji ya jona wa. Naman da ke firjin yayata a bola ya ƙare.

Na sha yi masa tsiya. “Cuñao,” na ce, wato suruki, haka muke kiran juna ni da shi, “doki ne ka saya ka ɗaure, kana tafiya a ƙasa.”

“Kai dai jahili ne, gawar mota kawai ka sani,” in ji shi. “Masu kuɗin nan ba mota suke saye ba, ƙuruciyarsu suke saye. Yaron da ya leƙa ta ta gilashin shago a 87 bai da ko sisi, yau shi ne mai kamfani. Kuma yana son ta yadda ya gan ta ran nan, ko noti ba a canza ba. In mita na nuna lamba uku, kai ke faɗin farashi. Ta cika dubu, ka koma layin kowa da kowa.”

“To ka sayar mana.”

“Bara an sayar da wata a gwanjo, wadda ba ta kai tawa ba. Ka san nawa? Baɗi sai ta ninka. Ajiya maganin wata rana.”

Gaskiyarsa ta wani fannin, don farashin hawa ya yi ta yi. Abin da ya hana shi sayarwa ke nan. Duk shekara sai ya ga ta baɗi ta fi, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Zoraida kuwa, duk ranar tunawa da aurensu sai ta ce, “Beto, bana dai ka kai ni Aibonito a Santa.” Shi kuma ya ce, “Zori, ana gobe mai saye zai zo ɗaukarta, ni da ke har Aibonito, na rantse.” Ta yi dariya ta zuba masa kofi. Mun ɗauki maganar wasan mata da miji.

Sai mantuwa ta kama ta. Da fari ƙananan abubuwa ne, ta sa gishiri sau biyu a wake, ta nemi tabarau yana kanta. Daga baya ta fita sayen burodi aka tsince ta a tashar mota tana jiran mahaifiyarmu, wadda ta rasu tun tuni. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya ce ba ya komawa baya. 'Yarsu Yaritza ta zo daga Orlando ta yi kukanta, ta zauna da ubanta a kicin suka yi lissafi. Nan gaba kaɗan sai an kai ta gidan kula da masu irin ciwon, kuma fanshon Beto ba zai ɗauka ba. Beto ya ce kada ta damu, don irin wannan ranar aka yi ajiyar. Akwai wani attajiri a Ohio da ya daɗe yana bibiyarsa, sharaɗinsa ɗaya ne, mita kada ta cika dubu.

Abubuwa suna ta zubewa daga kan yayata, amma Aibonito ta ƙi zubewa. Abin da take faɗa shekara-shekara ya koma kullum. Ta yi wanka, ta sa rigarta mai ruwan ƙwai, ta ɗauki jaka ta tsaya a ƙofar gareji.

“Nene,” ta ce mini wata rana, don har na yi furfura Nene take ce mini, ɗan autan gida, “yau Beto zai kai ni. Ka ji yadda take fito kuwa? Kamar tsuntsu ne a cikin injin.”

Na ja Beto gefe. “Ka kai ta. Abin da ya rage mata ke nan.”

“Mil nawa ne daga nan zuwa Aibonito, cuñao? Ina da tara. Ko Cayey da ke kan hanya ba za su kai ni ba. In na ƙona su, da me zan biya masu kula da ita? Kai za ka biya?”

Ba ni da abin biya. Ya ce in ba shi kwana biyu zai yi tunani. Da ya kira ni murna yake ta yi, wai ya samo dabara.

Masu irin waɗannan motoci ba sa tuƙa su zuwa wajen baje koli, goya su ake yi a kan babbar mota, a sauke, a goge, a mayar. Beto ya daɗe da sanin haka, kuma a wurinsu ba abin dariya ba ne. Dabararsa ita ce in ɗora Santa a bayan janwena, shi da Zoraida su shiga ciki su zauna, in kai su Aibonito. Ta shiga motar, ta ga dutse, mita ba ta motsa ba, kowa ya samu.

“Ka haukace,” na ce. “In 'yan sanda suka gan mu lasina za su karɓe.”

“Lahadi da sassafe, ta tsohuwar hanya. Yayarka ce fa.”

Ya san inda zai taɓa ni. Na yarda, kuma na yi fatan abin ya yi aiki, don mai ciwon mantuwa wa ya san abin da za ta gane da wanda ba za ta gane ba.

Ran Lahadi muka sauke Santa daga kan ƙarafanta, muka turo ta da hannu, na ja ta da igiyar ƙarfe ta hau, na ɗaure tayoyin. Beto na bina yana cewa in yi a hankali da bamba, kamar yau na fara aikin. Ya shimfiɗa tawul a kan ledar kujera, wani a ƙasa inda za ta sa ƙafa. Muka kafa ɗan tsani muka hau da Zoraida. Tana ta murmushi, ta sa jan baki ya ɗan kauce. Beto ya zauna a mazaunin direba ya kama sitiyari da hannu biyu.

Na ja a hankali. Ta madubi ina hango su a can sama, baƙar mota na sheƙi, tsofaffi biyu a ciki kamar hoton biki. Mutanen da ke fitowa daga coci suka tsaya kallo. Wasu samari a bakin shagon burodi suka bi mu da waya suna ɗauka, ɗaya ya ɗaga murya ya ce wa Beto, “Don,” wato dattijo, “rage gudu, za ka kashe mu.” Beto bai kalle su ba. In na sha kwana sai in ga kafaɗunsa sun karkata, wai shi ma yana shan kwanar, alhali ya kulle sitiyarin da kansa don kada tayoyin gaba su goge.

Hanyar dutsen duk lanƙwasa ce, janwe kuma ba ta son hawa. Muka yi ta rarrafe, motoci sun yi layi a bayanmu suna ta oda. Rana ta ɗaga sosai kafin mu isa. Gidan mahaifiyarmu yanzu na wasu ne, sun yi masa koren fenti, sun sare bishiyar lemon da ke ƙofa. Na tsaya a gefen titi, na kafa tsani, na buɗe ƙofar Zoraida.

Murmushin ya tafi. Tana zaune da jaka a cinya, zufa ta jiƙa mata wuya, don Beto bai bari an sauke gilashin gefenta ba saboda takardar farashin.

“Mun iso, Zori,” in ji Beto. “Ga Aibonito. Na cika alkawari ko ban cika ba?”

Ta dubi gidan, ta dubi sitiyarin, ta dubi makullin da ke rataye a wuyansa da zare.

“Ba ta yi fito ba,” ta ce.

“Ai yanzu an gyara ta, ba ta ƙara.”

“Beto, ni ce fa. Mantuwa nake yi, ban zama sakarya ba. Nene ne ya kawo ni, a motar da yake kwasar matattu. Kai ko makulli ba ka sa ba.” Ba ta ɗaga murya ba. Ta gyara jakar ta ce, “Ba komai. Wata rana ka kai ni.”

Na sauko daga tsanin na tsaya bayan janwe, don ba na son ta ga fuskata. Na ji kunya, na ji haushinsa, na ji haushin kaina da na sa hannu a wannan wasan yara. A dawowa gaba ta zauna kusa da ni. Beto ya zauna shi kaɗai a sama, kuma wannan karon ban ga ya kama sitiyari ba.

Na ɗauka abin zai girgiza shi ya yi ɗaya cikin biyu, ko ya sayar ko ya tuƙa. Bai yi ko ɗaya ba. Mutumin Ohio ya kira, Beto ya ce a bari sai an ga yadda babban gwanjon Janairu zai kaya, don kada a cuce shi. Da na yi masa maganar Zoraida ya ce ai ya yi alkawari, ana gobe za a ɗauki motar zai kai ta.

“In ka kai ta ana gobe, mita ta cika dubu, ciniki ya watse,” na ce. “Wannan alkawarin naka tun ran farko ba mai cikuwa ba ne, kuma ka sani.”

Ya ce in fita masa daga gida. Na fita, muka yi watanni ba ma magana sai gaisuwa.

A cikin watannin nan ciwon ya yi gudu. Ta bar murhu a kunne har labule ya kama. Yaritza ta sake zuwa, aka kai Zoraida wani gida da sistoci ke kula da shi a Salinas, Yaritza ta ƙara aikin ƙarshen mako don ta riƙa biya kafin a sayar da motar. Nakan je duk Laraba. Wata rana ta gane ni, wata rana ta ɗauke ni mai gyaran famfo. Amma rigar mai ruwan ƙwai kullum ita take nema, sistocin har sun gaji da wankinta.

Wata Asabar da safe Beto ya kira ni. “Cuñao, ka zo da janwe, ka bi ni a baya ko za ta tsaya a hanya.”

Da na isa na tarar da tsofaffin tayoyin nan huɗu a jingine da bango, ya sa mata sababbi. Ledar kujeru na cikin kwandon shara. Takardar gilashin ya ɓamɓare ta, rabi ya fita rabi ya maƙale. Ya yi aski, ya sa farar riga mai aljihu huɗu irin ta zuwa biki. Ya rame ƙwarai.

“Mutumin Ohio fa?” na ce.

“Jiya na je wurinta. Ta tambaye ni ko na san mijinta.” Ya buɗe ƙofar motar. “Mu tafi kafin rana ta yi.”

Ya fito da ita kan titi da ƙafafunta. Da muka hau babbar hanyar bakin teku ya taka, ni da ke baya da gilashi a sauke na ji fiton nan, siriri, yana hawa, motar ta tsuguna ta baya ta harba. Gaskiyar yayata, kamar tsuntsu ne. Tsigar jikina ta tashi, tsohon banza da ni. Wajen gonakin ayaba na ga ya rage gudu, ya yi ta tafiya kamar mai bin gawa, kansa a sunkuye yana kallon mita. Na san abin da yake kallo. Bayan ɗan lokaci ya ɗaga kai ya ci gaba.

A Salinas ya tsaya daidai ƙofar gidan, ya bar injin na aiki. Sista Amparo, wadda ke kula da ɓangaren mata, ta fito da Zoraida tana riƙe da hannunta. Rigar ce a jikinta, da jakar. Beto ya zagayo ya buɗe mata ƙofa, ya koma ya ɗan taka totur don ta ji.

Ta ji. Fuskarta ta washe gaba ɗaya, ta saki hannun sistar, ta matso ta shafa rufin motar da yatsu.

“Irin ta mijina,” ta ce.

“Ita ce, Zori. Santa ce. Shiga mu tafi Aibonito.”

Ta dube shi da kyau, cikin ladabi, yadda ake duban baƙon da ya yi maka kirki a layin banki. “A'a, ba ita ba ce. Tasa ba ta fita. Ka gan ka, har ƙura ka bari ta hau ta. Da Beto ya ga wannan da ya yi maka faɗa.”

“Ni ne Beto.”

Ta yi 'yar dariya ta kalli sistar. “Ji mutumin nan.” Ta ja da baya ta riƙe jakarta da hannu biyu. “Na gode, Don, Allah ya saka. Amma ni matar aure ce, ba na shiga motar wani. Mijina zai zo ya kai ni, ya yi mini alkawari.”

Na matso na ce, “Yaya, ni ne Nene. Shiga, zan bi ku a baya.” Ta ce in gaida mutanen gida. Sista Amparo ta lallaɓa ta, ta ce to ta zauna kawai a ciki ta ji daɗin kujerar. Zoraida ta fara tsorata, tana waige-waige. Sistar ta girgiza mana kai, ta juya da ita ciki. A bakin ƙofa Zoraida ta tsaya ta zauna a kan bencin da ke fuskantar titi, inda aka ce nan take zama kullum, ta ɗora jakar a cinya.

Mun sake gwadawa washegari, da sati na gaba, da wanda ya biyo baya. Ranar da ta fi kyau ita ce ta farkon. Daga baya ko fiton ba ya juyo da ita.

Mutumin Ohio da ya ga hoton mita da na gilashin ya ce a yi haƙuri. Dillalan da suka biyo baya suna taya ta kamar suna yi mana alfarma, kuma Beto ya ƙi su duka, yanzu ba don baɗi ba, ni dai ban san don me ba. Yaritza na can tana aikin kwana bakwai. Ni na daina ba kowa shawara.

Amma ran farkon nan nake yawan tunawa. Bayan ta zauna a kan bencin, Beto ya kashe injin ya daɗe a tsaye, hannunsa a kan ƙofar da ya buɗe mata. Sannan ya ciro makullin ya miƙo mini.

“Ɗora ta, cuñao. Ba zan iya tuƙa ta ba.”

Na sauke bayan janwe, na ja ta ta hau, na ɗaure tayoyin. Da na leƙa don in ja birkin hannu na ga mita, dubu ɗaya da shida. Muna fita daga harabar Zoraida ta ɗaga mana hannu daga kan bencin, sannan ta mayar da idonta kan titi, wajen da motoci ke fitowa daga Guayama.